Ƙauyenmu a daren ƙidaya da ƙauyenmu a ranar Sallah

A daren 27 ga Yunin 2021 na kwana a ɗakina da ke Nima, saboda haka ƙidayar jama'a ta Gana ta sanya ni cikin mutanen Akra, alhali kuwa cibiyata tana binne a wani ƙaramin ƙauye da ke kusa da Salaga, a ƙasar Gonja. Ƙa'idar ƙidayar ke nan: inda mutum ya kwana a wannan dare, nan ake rubuta shi, ko da zuciyarsa da gonarsa da kabarin kakanninsa suna wani wuri dabam.

Sakamakon ya nuna cewa jama'ar ƙasar sun kai miliyan 30.8, daga miliyan 24.7 a shekarar 2010, kuma mazauna birane sun tashi daga kashi 50.9 cikin ɗari zuwa kashi 56.7. Yankin Akra ya zarce yankin Ashanti da yawan mutane. Wanda ya san ƙauyenmu ba ya buƙatar a fassara masa waɗannan alƙaluma, domin ya san gidajen da aka kwaso wannan ƙarin daga cikinsu.

Wanda ya shiga ƙauyen da damina zai tarar da tsofaffi a gindin bishiya, da mata masu tsintar kaɗanya, da yara rututu, amma da wuya ya ga saurayi mai ƙarfin tayar da kunyar doya. Samarin sun watsu: wasu suna zangon Kumasi, wasu suna unguwannin Nima da Madina na Akra, wasu kuma sun bi ramukan haƙar zinariya. 'Yan mata ma ba su zauna ba, don a kasuwannin Makola ta Akra da Kejetiya ta Kumasi akwai 'yan arewacin Gana masu dakon kaya a ka, waɗanda ake kira kayayo. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ake mayarwa gida wajen kakanni, domin haya a birni ba ta barin mutum ya riƙe iyali babba a ɗaki guda. Ta haka ƙauye ya zama wurin raino da wurin tsufa, shekarun ƙarfi kuwa birni ne yake cinye su.

Amma da zarar Babbar Sallah ta gabato, sai motoci su fara sauke mu ɗaya bayan ɗaya, masallacin da sahu biyu ke isarsa ya cika har waje, rijiya ta kasa ɗaukar masu ɗiba. A ganina wannan taron shi ne ainihin jama'ar ƙauyen, tun da kuɗin da muke turawa ta waya ne suke sayen taki, su biya 'yan ƙwadago, su yi rufin kwano. Sai dai hukuma, idan za ta raba makaranta ko asibiti ko famfo, alƙaluman daren ƙidaya take dubawa.

Bara na tambayi ƙanin mahaifiyata, wanda shi ne mai riƙe da gidanmu, na ce, "Kawu, mutum nawa kuka ba malamin ƙidaya?" Ya ce, "Ɗana, na fara jero masa sunayenku gaba ɗaya, sai ya dakatar da ni ya ce waɗanda suka kwana kawai yake so." Daga cikin 'ya'yansa bakwai, auta kaɗai aka rubuta.