Godiya ga duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah maiɗakina ta sauka lafiya, an samu 'ya mace, yau aka sallamo su daga asibiti. Waɗanda suka san mu sun san tana da sikila, SS ce, kuma ciki ga mai sikila ba wasa ba ne, shi ya sa na ce bari in yi godiyata a nan don wallahi ba zan iya bin kowa gida-gida ba.

Farko dai likitocin awo da na ɓangaren jini. Tun kafin cikin ya shiga suka sa ta ajiye haidiroksiyuriya, maganin da masu sikila ke sha, suka ɗora ta kan folik asid kullum da maganin rigakafin maleriya, da ya kai sati 12 aka ƙara mata ƙaramin asfirin saboda hawan jinin masu ciki. Sun kuma ja mana kunne kada a sayo mata maganin ƙarin jini a kemis sai an gwada, don wadda ake yawan ƙara wa jini sinadarin ayon taruwa yake yi a jikinta. Kun san halinmu dai, kowa ya ga mai ciki ta ɗashe sai ya zama likita.

A wata na bakwai, cikin hunturun nan, ciwon ya taso mata cikin dare, ƙirji da baya, numfashi da ƙyar, aka sa mata oksijin aka ce a nemo jini kuma na mai AA ake so. Saƙo ɗaya na tura a gurup ɗin majalisarmu, kafin a kira sallar asuba mutane sun cika barandar dakin gwaji, wani ma da rigar barci ya zo. Wasu an gwada an ce AS ne aka mayar da su, ɗaya a ranar ya fara sanin jinotaif ɗinsa, ga shi da 'ya'ya uku. Ku ma ladanku na nan in sha Allah.

Umma, surukata, Allah ya saka miki da Aljanna. Filas ɗin ruwan ɗumi bai taɓa rabuwa da gefen gadon ba, ke ce mai tsare ta sai ta sha.

Masu tambayar jaririya, AS ce, dama ni AA ne, to ba za ta yi ciwon ba. Amma idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗun nan da ake faɗa na yiwuwar haifar sikila a kan kowane ciki ne, ba wai in an haifi sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ta yi daidai, ni dai a ganina.

Suna ba taro za a yi ba, mai jego na buƙatar hutu. Mai mura don Allah ya yi barka ta waya.