Wasiƙa daga Ingila: na'urar sikanin tana da aiki a ɗakin tiyata

Assalamu alaikum, 'yan'uwana mutanen Kaduna. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku daga Ingila, inda nake aikin likitan allurar barci, a kan wata hanya ta kashe zafi a wurin tiyata kaɗai da taimakon na'urar sikanin, wadda nake so ƙwarai ta zauna da gindinta a asibitocinmu.

Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita sauti take aikawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, sannan ta mayar da amsa-kuwwarsa hoto. Likita kan ɗora kan na'urar a wuyan majinyaci ko hammatarsa ko gindin cinyarsa, ya ga jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, ya ga jijiyar jinin da ke maƙwabtaka da ita, ya bi tsinin allurarsa da ido har ya isa inda yake so, sannan ya zuba magani yana kallon yadda yake kewaye jijiyar. Cikin kimanin rabin sa'a hannun ko ƙafar ta daina jin komai, a yi tiyata mutum yana farke, yana numfashi da kansa.

Da can lalube ake yi. Tun bayan da August Bier ya yi allurar baya ta kashe zafi ta farko a Jamus a 1898, likitoci sun daɗe suna dogara da shafa ƙashi da jin bugun jini, daga baya kuma da wata 'yar na'ura mai sa tsoka ta motsa idan allura ta kusanci jijiya. Haɗarin ba ƙarami ba ne, musamman a saman ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, inda jijiyoyin hannu suke haɗuwa dab da saman huhu, ta yadda kuskure kaɗan kan huda shi. A 1994 Stephan Kapral da abokan aikinsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka nuna cewa ana iya yin wannan allura ana kallo.

Abin da ya sa na damu shi ne irin majinyatan da muke da su. Hanyar Kaduna zuwa Zariya da ta Abuja, da baburan cikin gari, kullum suna kawo masu karaya. Allurar barci ta gaba ɗaya tana buƙatar iskar oksijin mai yawa, da injin numfashi, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da ma'aikacin da zai tsaya a kan mutum har ya farfaɗo. Dattijo mai ciwon suga da hawan jini wanda za a yi wa aiki a ƙafa, sau da yawa ya fi samun sauƙi idan ƙafar kaɗai aka kashe. Tsohuwar da ta karye a ƙugu ana iya rage mata azaba tun kafin a kai ta ɗakin tiyata, haka ma matar da aka ciro wa jariri, allura a bangon ciki takan rage mata raɗaɗi ta samu ta shayar da ɗanta. Duk wannan yana rage buƙatar magunguna masu sa maye, kuma mu da muka ga ɓarnar tiramadol, muka ga gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Sai dai na'urar ba ta maye gurbin ƙwarewa. Idan maganin ya shiga jijiyar jini yana iya jawo jijjiga ko tsayawar zuciya, don haka dole oksijin da na'urar lura da bugun zuciya da maganin ceto su kasance a kusa. Kan na'urar da ya dace da jijiyoyin kusa da fata shi ne mai miƙaƙƙen baki, ba mai lanƙwasa da ake awon ciki da shi ba, kuma yanzu akwai ƙanana da ake jona su da wayar hannu. Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne su sayi irin wannan, su tallafa wa asibitin koyarwa na Barau Dikko da na Shika su horar da masu aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Ku kuma majinyata, idan an sa muku ranar tiyatar hannu ko ƙafa, ku tambayi likita ko za a iya kashe wurin kaɗai. Ku sanar da shi idan kuna shan maganin tsinka jini, sannan bayan aiki ku kiyaye gaɓar daga wuta da ruwan zafi har sai ji ya dawo mata, wanda yakan ɗauki sa'o'i da dama.

Wassalam,
ɗan'uwanku daga Ingila.