Baƙi a cikin kwalin sulalla

Asabar, Detroit.

Da na sauke manyan yara a Islamiyya sai na biya banki na karɓo kwalin da na nema tun farkon mako. 'Yan santi biyar-biyar ne, waɗanda ake ce wa nikel a nan. Dala 100 cif: ƙunshi 50, kowanne da sulalla 40 a naɗe cikin takarda. Nauyin kowane sule giram 5 ne, ka ga kilo 10 ke nan na rungumo zuwa mota. Matar da ke kan kanta ta saba da ni, ta ce akwai wasu 'yan ƙunshi da wata dattijuwa ta kawo jiya, ko ina so. Na biya na haɗa. Naɗin hannu ne, takardar har ta yi laushi don daɗewa. Na fi son irinsu a kan na inji, domin kuɗin da ya shekara a gwangwani a ƙarƙashin gado ba a san abin da ya ɓoye ba.

Abin da masu sha'awar binciken ƙunshin sulalla ke nema sananne ne. Daga tsakiyar 1942 zuwa 1945 yaƙin duniya na biyu ya cinye ƙarfen nikel, sai aka riƙa buga sulen da azurfa kashi 35 cikin 100. Ana gane shi da babban harafi, P ko D ko S, a saman ginin Monticello, gidan tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson, da ke bayan sulen, kuma idan ya tsufa yakan yi duhu-duhu. Sai kuma mai hoton bauna, na 1913 zuwa 1938. Ka buɗe, ka duba, ka ware, sauran ka mayar banki. Kamar tsintar tsakuwa a shinkafa ne, sai dai a nan tsakuwar ake so.

Yau na sami mai azurfa guda, na 1943, ya sha hannu sosai. Alhamdu lillahi. Amma ba shi ya cinye mini rana ba, baƙin da suka shigo layi ne.

Auta ce ta fara gano su. Tana da mayen ƙarfe da ta ciro daga jikin firij, aikinta shi ne ta bi ƙunshin ɗaya bayan ɗaya tun ban yage takardar ba. Sulen Amurka jan ƙarfe ne kashi 75, nikel kashi 25, mayen ƙarfe ba ruwansa da shi. To da ta ji ƙunshi ya ɗan ja hannunta sai ta ɗaga murya, "Abba, akwai ɗan Kanada a nan!" Kuma ba ta kuskure. Na Kanada daga 1955 zuwa 1981 kusan nikel ne zalla, na 2000 zuwa yau kuma yawanci baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, duka biyun suna mannewa. Na tsakani, 1982 zuwa 1999, su ne masu wayo, haɗinsu irin na Amurka ne, sai ido ya kama su. Ta ji haushin wannan ƙwarai, wai sun yi mata ɓuya.

Ba abin mamaki ba ne a garin nan. Birnin Windsor na Kanada na tsallaken kogi, gada da hanyar ƙarƙashin ruwa suna kwasar mutane dare da rana. Mutum ya sha shayi a can, ya dawo da canji a aljihu, ya biya kuɗin burodi a nan, mai kanti ya zuba a aljihun tebur bai duba ba. Faɗinsu ɗaya, launi ɗaya. Wa ke tsayawa kallon fuskar santi biyar?

A cikin na dattijuwar nan na ci karo da wanda ya fi burge ni. Na Kanada ne, 1960, kuma ba zagayayye ba ne, gefe 12 gare shi. Yatsana ne ya ji kusurwar kafin idona ya gani. A gaba Sarauniya Elizabeth ce tana matashiya, ba kambi, sai ganye a gashinta. A baya dabbar ruwan nan mai faffaɗar wutsiya da ke sare itace da haƙori, zaune a kan tudu. Tun 1942 suka fara yi masa kusurwa, saboda ƙarfen da suka koma amfani da shi lokacin yaƙi launinsa ya yi kusa da na kwabonsu, kada mutane su rikita. Yaƙi ya wuce, kusurwa ta zauna har 1962. Na daɗe ina juya shi a ƙarƙashin fitila, shayina ya huce ban sani ba.

Sai ɗan Panama. Wannan kam ba zan ce ya yi kutse ba. Tun 1904 kuɗinsu, balboa, yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da dala, takardar dalar ma ita suke kashewa a kasuwa, kuma an yi shekaru ana buga musu sulalla a ma'aikatar kuɗin Amurka, awo ɗaya, ƙarfe ɗaya. Injin naɗi girma da nauyi yake aunawa, ba ya karatu. Shi ya sa na same shi a ƙunshin inji, ba na hannu ba. Na ƙarshe ɗan Bahamas ne mai hoton abarba, wanda Auta ta ce nata ne tun ban gama karanta shekararsa ba.

Na san da yawa cikin masu wannan nema shara suke ɗaukar irin waɗannan, kuma ta fuskar lissafi suna da gaskiya. Na biya santi biyar a kan kowanne, injin ƙirga na banki zai iya tofo su, masu canjin kuɗi kuma ba sa karɓar sulalla. Ni dai ban yarda shara ba ne. Mai azurfa na san labarinsa tun ban same shi ba, yana cikin kowane jadawali. Ɗan abarba kuwa dole ka tsaya ka yi tunanin aljihun da ya ɗauko shi.

Uwargida ta leƙo ta ga teburin cin abinci ya koma rumfar 'yan canji. "Malam, yau ribar nawa ce?" Na nuna mata mai azurfa. Ta kalli tulin baƙin ta ce, cikin tsokana, in naɗe su in mayar yadda aka ba ni mana. Na ce a'a. Wanda ya sa su mai yiwuwa bai lura ba, ni kuwa na gani da idona, kuma na Kanada bai kai santi biyar na nan ba. Ta ce ita ma gwada ni take yi, in kwashe kayana kafin azahar. Ta kuma tuna mini cewa a gida da tuni an yi mini dariya, tun da sulallan kobo 50, naira 1 da naira 2 da aka fito da su a 2007 ko mai rake bai karɓa ba.

Wanke hannu sai da na yi sau biyu da sabulu, yatsun sun yi baƙi ƙirin. Na cike gurbin waɗanda na cire da canjin mota. Ranar Litinin zan kai sauran wani banki daban, domin ba a mayar da kaya inda aka ɗauko, in ba haka ba kwalinka zai sake dawo maka. Sababbin 'yan Kanada na ba maƙwabcina da ke aiki a Windsor ya sha shayi da su, mai kusurwa da ɗan Panama kuma na sa su a leda na rubuta shekara.