Tarihin Sarki Ahab, Kashi na Biyar: Gonar Nabot

A makon jiya mun bar Ahab, sarkin Isra'ila, ya koma Samariya ransa a ɓace, bayan da annabi ya tsawata masa kan sakin Ben-hadad, sarkin Suriya. Yau mun shigo sura ta 21 ta Littafin Sarakuna na Ɗaya.

Nabot mutumin Yezreyel yana da gonar inabi a jikin fadar sarki, Ahab kuwa yana sonta don ya mai da ita lambu. Ya yi tayin musanya da gonar da ta fi ta, ko kuma kuɗi. Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe ya ba da gādon kakanninsa. Ba taurin kai ya sa shi ba: Littafin Firistoci 25:23 ya ce ƙasar ta Ubangiji ce, ba a sayar da ita har abada. Ahab ya san haka. Sai ya je ya kwanta, ya kau da fuska, ya ƙi abinci.

Yezebel matar Ahab, 'yar Etba'al sarkin Sidoniyawa, ba ta aika soja ko ɗaya ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan mijinta, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin. Ku duba yadda ta bi Shari'ar Musa daki-daki don ta kashe marar laifi. Ta ce a yi shelar azumi, domin jama'a su ɗauka akwai zunubin da ke neman jawo wa gari masifa. A zaunar da Nabot a gaban taro. A kawo 'yan iska biyu, don Maimaitawar Shari'a 17:6 ta hana kisa da bakin shaida ɗaya. Su ce ya zagi Allah da sarki, don hukuncin saɓo jifa ne. Haka kuwa aka yi, aka jejjefe Nabot ya mutu. Har 'ya'yansa maza aka kashe, kamar yadda 2 Sarakuna 9:26 ya nuna, ba a bar magaji ba.

Abu ɗaya aka tsallake. Maimaitawar Shari'a 19:18-19 ta umarci alƙalai su bincika sosai, in shaida ya yi ƙarya a yi masa abin da ya nufi ɗan'uwansa da shi. Dattawan nan maƙwabtan Nabot ne, sun karanta wasiƙar, sun san ƙarya ce. Babu ko ɗaya da ya buɗe baki. Wannan ya fi ci mini rai fiye da makircin Yezebel.

Ahab ya gangara ya karɓi gonar, sai ga annabi Iliya da saƙon Ubangiji: ka yi kisa, ka kuma ci gādo? Ahab bai ɗauki dutse ba, bai rubuta wasiƙa ba, amma hatimin nasa ne, a kansa aka ɗora jinin. Karnuka za su lashe jininsa, za su kuma cinye Yezebel a Yezreyel.

Abin da ya biyo baya yana da wuyar haɗiya. Ahab ya yayyage tufafinsa, ya sa tsummoki, ya yi azumi. Allah ya ga ƙasƙancin nan, ya ɗage masifar gidansa zuwa zamanin ɗansa. Ɗagewa aka yi, ba a soke ba, Nassi kuma bai ce an mayar wa dangin Nabot gonar ba.

Shekara uku aka yi ba yaƙi tsakanin Isra'ila da Suriya. Mako mai zuwa za mu bi Ahab zuwa Ramot-gileyad, inda annabawa wajen 400 suka ce masa ya tafi yaƙi zai ci nasara, annabi Mikaiya shi kaɗai ya ce ba zai dawo lafiya ba.