Sai a lab na gane ɗaurin DNA iri biyu ne

Duk wanda ya zauna ajin bayokemistiri ya san wannan karatun, haruffa huɗun da ke jere a jikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, A da T ɗauri biyu, G da C ɗauri uku, a haddace a zuba a jarrabawa shi kenan. Ni dai sai da muka fara firojet muna haɗa PCR, wato hanyar kwafar guntun DNA ya yi yawa, sannan abin ya zauna mini a kai, ashe ɗaurin da ke cikin DNA iri biyu ne kuma kowanne da aikin da yake yi.

DNA zare biyu ne, a jikin kowane zare suga da fosfet ne ke riƙe da juna, fosfet ya kama kabon na 3 na wannan sugan ya kama kabon na 5 na mai bi masa, haka har ƙarshe. Wannan shi ne fosfodayesta, ɗauri ne mai ƙarfin gaske. Tsakanin zaren biyu kuwa, inda A ke kama T, G ke kama C, ɗaurin haidurojin ne, shi kam ba shi da wani ƙarfi, kamar zik ɗin jaka yake, ka zuge ka mayar ba abin da ya yage. To ka sa samfur a injin PCR ya hau digiri 95, zaren biyu su rabu amma kowanne yana nan daram, jerin haruffansa ko gezau, a sauko wajen 55 zuwa 60 furaima, wato ɗan guntun DNA da ake fara gini daga kansa, ya nemi gurbinsa ya manne, a koma 72 enzayim, wato furotin mai gudanar da aikin, ya gina sabon zare, a maimaita kusan sau 30. Da ɗaurin tsakiyar ma mai ƙarfi ne da babu wannan aikin, kai ƙwayar halittar jikinmu ma da ba ta iya buɗe DNA ta kwafe shi ba.

Wani abu kuma da ba a cika tsayawa a kansa a aji ba. Ana ce mana DNA mai yawan G da C ya fi wuyar rabuwa saboda ɗauri uku, to akwai gaskiya a ciki amma ba ita ke nan ba, haruffan nan shafaffu ne, suna kwance ɗaya bisa ɗaya, kuma wannan jibgewar tana riƙe DNA sosai, har ta fi haidurojin ɗin tasiri. A ganina rashin faɗa wa ɗalibai wannan ƙwauro ne.

Sai RNA, ɗan'uwan DNA, wanda ya ba mu wahala ba kaɗan ba. Ban da U da ke zama a madadin T, bambancin duka oksijin guda ne fa, a kabon na 2 sugan RNA yana da OH, wato oksijin da haidurojin, na DNA kuwa H kawai. Wannan OH ɗin yana kusa da fosfet, da ya samu dama musamman in ruwan alkali ne sai ya juya ya datse nasa zaren. Ga kuma enzayim masu cin RNA a fatar hannu da ƙura da ko'ina. Shi ya sa za ka ga mai aikin RNA kullum da safar hannu da bokitin ƙanƙara, hankalinsa na kan firiza, in aka ɗauke wuta ko gaisuwa ba ya amsawa. Lokacin korona da aka ce rigakafin Pfizer, wanda da RNA aka yi shi, sai an ajiye shi a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili, mu da muka sha hannun RNA ba mu yi mamaki ba ko kaɗan.

Fosfet ɗin nan kuma cajinsa negetif ne. Shi ya sa in ka zuba DNA a jel ka kunna lantarki yake tafiya ɓangaren fozitif, gajerun guntaye a gaba dogaye a baya. A farkon 1953 Linus Pauling, duk da girmansa a kemistiri, ya fitar da tsari mai zare uku ya cusa fosfet a tsakiya, alhali masu caji iri ɗaya ture juna suke yi. Rosalind Franklin da ke King's College a Landan tuni hotunanta suka nuna mata fosfet a waje yake. Watson da Crick a Kambirij suka haɗa wannan da binciken Chargaff, cewa yawan A daidai yake da na T, na G da na C, suka fitar da nasu a Afrilun shekarar, zare biyu a murɗe, ɗaya ya miƙe daga kabon na 5 zuwa na 3 ɗayan ya yi akasin haka. An ba su Nobel su da Wilkins a 1962, ita kuwa Franklin ta riga ta rasu tun 1958 tana da shekara 37.