Ɗana na fari da azumin bana

Ɗana na fari yana da shekara 29, kuma tun yana da wata takwas, lokacin da hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura ya kwana yana kuka, likita ya shaida mana cewa yana da cutar sikila, wadda manyanmu ke kira amosanin jini. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna masa kulawa a gaban jama'a, amma ciwon nan bai bar mini wannan alkunyar ba, domin wadda ta kwana a bakin gadon asibiti tana matsa wa ɗanta ƙafa ba ta da sauran abin ɓoyewa. Sunan kaɗai na riƙe. Babana nake ce masa, tunda sunan mahaifina ya ci.

Ni da mahaifinsa duka rukunin jininmu AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon cutar amma ba mu da ciwon, kuma ba mu san haka ba sai bayan haihuwarsa, saboda a zamaninmu ba a maganar gwajin jini kafin aure. An bayyana mana cewa duk cikin da na ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Shi ya sa na yi farin ciki da dokar da gwamnatin Kano ta sa wa hannu a 2024, wadda ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, a Najeriya, ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta kowace shekara.

Lokacin da yake yaro komai yana hannuna. Ni ke ba shi folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ni ke lulluɓe shi idan hunturu ya shigo, ni ke duba farin idonsa da safe in ga ko ya yi rawaya. Yanzu yana aikinsa, yana da ɗakinsa a wata unguwa, shi ke zuwa ganin likita, shi ke sayen haidroksiyuriya, maganin rage tashin ciwon, da kuɗinsa. Ban taɓa zaton girmansa zai fi ƙuruciyarsa yi mini nauyi ba, amma haka abin ya kasance, domin yaro ana iya tilasta masa, babba kuwa sai dai a roƙe shi.

Ana saura mako guda a ga wata ya zo gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Umma, bana ina so in gwada azumi." Gabana ya faɗi. Na san cewa idan ruwa ya yi ƙaranci a jikin mai sikila, ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne ciwon ƙashi ke tasowa. Na karanta masa ayar Suratul Baƙara da ta yi wa marar lafiya rangwame, wadda a cikinta Allah ya ce sauƙi yake nufi da mu, ba tsanani ba. Ya ce ya san ayar, kuma likitansa ma bai goyi bayansa ba, amma ya gaji da ɓuya a bayan ofis yana shan ruwa kamar mai laifi. Wannan maganar ce ta rufe mini baki.

Kwana uku ya yi. A daren na huɗu ƙanensa ya kira ni, muka same shi a dunƙule yana cije leɓe, bayansa da cinyoyinsa sun kama. A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, amma da ya nemi allurar rage raɗaɗi sai wata ma'aikaciya ta dube shi da irin kallon da ake yi wa mashayi. Yana ƙarami idan ya yi kuka kowa tausayinsa yake ji. Yau da ya yi gemu, sai an fara tuhumarsa kafin a yarda da ciwonsa. Na so in ce masa ai na gaya maka, sai na haɗiye, na ci gaba da shafa masa baya ina maimaita addu'ar Annabi Ayyuba.

Masu zuwa dubiya sukan ce mini, "Hajiya, ki bar wa Allah." Na san da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma wani lokaci sai in ji kamar ana nufin damuwata raunin imani ce, kuma ban yarda da haka ba. Annabi Yaƙubu ya yi alƙawarin haƙuri mai kyau, duk da haka ya yi baƙin ciki a kan ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba. Abin da ke hana ni barci shi ne wanda zai zauna a bakin wannan gadon ranar da ba na nan, kuma shi nake kai wa Ubangiji a sujadata.

Bayan an sallame shi ya je wurin malaminsa da kansa, aka yi masa bayanin ciyarwa a madadin azumi ga wanda ciwonsa ba mai rabuwa da shi ba ne. Da yamma ya zo da buhun shinkafa ya ce in ara masa mudu. Na miƙa masa, na zauna ina kallonsa yana awo, gorar ruwansa tana gefensa.