Ba Wa Baƙo Ya Gwada, Kai Kuwa Ka Yi Shiru

Ƙannena masu fara rubuta takardun bayanin manhaja, ku ji abin da ya same ni.

Jagorar farko da na rubuta ta girka wata manhaja ce, mataki goma sha biyu. Na bi ta ya fi sau biyar, na gyara aya da waƙafi, na ce ta yi. Da aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, sai ta wuni cur a mataki na huɗu, allo na ta jefo mata saƙon kuskure. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Har yau abin yana ci mini rai. Ashe akwai wani ɗan saiti da na yi a kwamfutata tun da daɗewa, na manta da shi, ban rubuta ba. Na kuma cika takardar da "kawai ka danna", alhali ni kaɗai abin ya zo wa da sauƙi.

Laifi tudu ne, marubuci ba ya hango nasa. Saboda haka ku nemo wanda bai taɓa ganin aikin ba, ku ba shi kwamfutar da ba a girka komai a kanta ba, ku zauna gefe da biro. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, ku yi alama. Bakinku zai yi ƙaiƙayi, amma ku daure, domin mai karatu na gaskiya ba zai same ku a gefensa ba.

Kuma kada ku yarda da takarda sai kun gwada ta da ainihin abin da take bayani. A Satumbar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda saɓani tsakanin takarda da manhaja. Takardar ƙa'ida ta ce a ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin newton, wata manhaja kuwa tana fitar da shi da ma'aunin fam, wanda ya ninka wancan kusan sau huɗu da rabi.

Abu ɗaya, suna ɗaya. Na taɓa kiran abu "asusu" a shafi na biyu, "shaidar shiga" a na biyar, mutane suka yi ta neman abu na biyu da babu shi. Yanzu duk ranar da aka sauya manhaja, a ranar nake sake bin matakan da hannuna, in rubuta lambar sigar da na gwada a saman shafi.